Ranar da Kaka Ta Faɗi Sunan Wancan

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Kaka dai ta riga mu isa. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakinta na saman bene a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, bayan ta sha shayi, ta wanke kofin, ta kife shi inda ta saba kifewa. Ko a tafiyar ƙarshe ba ta bar wa kowa wanke-wanke ba.

Kafin azahar matakalar gidan ta cika tun daga ƙasa har sama. Ɗaliban Najeriya da suka yi shekaru suna cin tuwonta suka yi ta zuwa, wasu da littattafai a hammata, don a aji labarin ya same su. Akwai wani dogo ɗan Sakkwato mai karatun tafsiri, wanda duk rasuwar da aka yi a cikinmu shi ake turawa gaba ya yi wa mutane nasihar haƙuri. A ranar shi ne ya zauna a kan matakala ya kifa kai, sai da aka nemo mai ba shi haƙuri. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Yanzu wa zai ƙara ce mini na rame?"

Maƙwabciyarta Bamisiriya ta hawa na uku ta hawo da tukunyar shinkafa tana haki, ta dire ta a bakin ƙofa. Ta ce, "Shekara arba'in muna gida ɗaya da Hajja, sau ɗaya tak ta taɓa aron abu a wurina, shi ma sai da ya ja mata." Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta toshe baki da gefen mayafi. Gwaggo, ƙanwar Baba, sai washegari ta iso daga Aswan a jirgin ƙasa, ba ta samu jana'iza ba. Ta shiga ɗakin ta ɗauki zanen sallar Kaka ta rufe fuska da shi, ta daɗe a haka.

Baba kuwa bai yi kuka ba. Ya zauna a kan kujerar roba a wajen ƙofar ɗakin, daidai inda yake zama tun tana da rai, yana amsa gaisuwa da "Allah ya ba da lada." Hannunsa na dama bai bar kan aljihun rigarsa ba duk kwana ukun. Mutane sun ɗauka ƙirjinsa ke ciwo. Ni na san takarda ce a ciki, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan, don kada a manta da matar da ta sa aka rubuta ta.

A hanya aka haifi Kaka. Iyayenta sun taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan don su tsinki auduga su ƙara guzuri, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta ta fi ta ɗaliban da ke zuwa daga can tsufa, har sukan rubuta kalmominta a bayan littafi. Idan ka tambaye ta shekarunta sai ta ce, "An ce shekarar da fara ta cinye dawa aka haife ni." Ka ce wace shekara ce wannan, ta ce, "Je ka tambayi farar."

A can Sudan, a wani ƙauye na bakin kogi, ta auri kakana, ta haifi Baba, shi ne na fari. Bayan yaye uwar mijinta ta ɗauke shi riƙo kamar yadda aka saba, ba a jima ba kuma kakana ya rasu. Shekaru suka ja, ta auri wani mutumin Aswan mai aiki a jirgin ruwa, wanda daga baya ya samu aikin gadin wannan gida na Ma'adi. Shi ya kawo ta Alƙahira, shi ya kai ta a yi mata takardun zama 'yar ƙasa. Da yake ba ta da takardar haihuwa, sai aka tura ta wurin likita ya ƙiyasta shekarunta. Ya duba haƙoranta, ya dubi ɗan jikinta, ya tambaye ta ko ta taɓa haihuwa. Ga sabon miji a tsaye, ga kuma kunyar ɗan fari. Kaka ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Likita ya ɗauki shirun a matsayin a'a, ya zaftare mata shekara goma sha biyu ya buga hatimi.

Ta daɗe tana cin moriyar wannan kuskure a kaina. Ni ne jikanta namiji na farko, don haka Maigida take ce mini. Duk ranar da na tsokane ta da tsufa, na ce zan sake ta in nemo yarinya, sai ta zaro katin shaidarta daga ƙullin zane ta ɗaga mini. "Karanta da kyau, Maigida marar cefane. Gwamnati da kanta ta ce ni yarinya ce. Kai wa ya shaide ka?"

Wanda bai tashi cikinmu ba zai sha wuyar gane kunyar ɗan fari irin ta Kaka. Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. "Wancan" take ce masa. Tun da ya biyo ta Alƙahira da ƙuruciyarsa ya kama tuƙi a wani ofis a unguwar Dokki, duk Juma'a sai ya zo gaishe ta, kuma duk Juma'a a waje yake zama. Ita tana ciki ta juya fuska bango, ni ne a bakin ƙofa ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. "Ka ce wa wancan ya rage sukari." "Ka ce wa wancan rigar nan ta yi masa yawa, ba ya cin abinci ne?" Ba ta cin komai a gabansa, ba ta miƙe ƙafa. Idan aka kawo sabon ɗalibi mai suna irin na Baba, nan take ta sake masa suna, ya koma Mai-suna har ya gama digiri. Baba yakan ce ai haka aka taso, ba wani abu ba ne. Amma na sha ganin yadda yake kawar da kai idan ta ƙwala wa Gwaggo kira da sunanta, ko ta ce da ɗalibai "'ya'yana, ku zo ku ci."

Da mijinta ya rasu, masu gida suka ba sabon mai gadi ɗakin ƙasa, ita suka mai da ita ɗakin sama a kan ɗan kuɗin haya. Da tuwo da yaji da daddawa ta riƙe kanta. Rabin masu cin tuwon ba sa biya, kuma ta san su sarai, su ne ma take ƙara wa miya. Haka aka yi ta tafiya har hannunta ya fara rawa, muciya ta gagare ta. A daidai lokacin ciwon sukari ya ci idon Baba, ya ajiye tuƙi. Ni kuma ina buga takardu a wani ofishin fassara a Wustul Balad, tsakiyar birni, ga mata ga 'ya'ya, albashin ba ya ganin ƙarshen wata.

Baba ya ce a ɗauko ta ta dawo wurinmu. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo. Da na kai mata saƙon, sai ta dube ni ta ce, "Ka tambayi wancan, in ci abinci a ina? In kwanta a ina?" Ban yi mata gardama ba, don na san ba wasa take ba. Idan aka kai ta gidan da Baba yake kwana yake tashi, yunwa za ta kashe ta da abinci a gabanta. Hanya ɗaya ta rage da za ta riƙe ɗakinta: ma'ash, kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffi marasa ƙarfi duk wata. Sharuɗɗansa biyu ne, mutum ya cika shekara sittin da biyar, a kuma tabbatar ba shi da abin dogaro. Muka fara da na biyun, don a ganina wannan ko makaho ya shafa ɗakin Kaka zai ba da shaida.

Aka sa ranar da ma'aikaciyar bincike za ta zo ta ga halin da take ciki. Na ja wa Kaka kunne har sau uku. "Kada ki gyara komai. Yadda ɗakin nan yake, haka za ta gan shi." Ta ce, "To, Maigida." Da na san irin wannan "to" ɗin, da na kwana a bakin ƙofa.

Ranar na hawo tare da ma'aikaciyar, wadda ake ce wa Ustaza, wata mata mai tabarau da jakar takardu. Tun daga hawa na biyar na ji ƙamshin soyayyiyar kaza. Muna shiga na kasa gane ɗakin. Dardumar maƙwabciya mai laushi ta rufe tsagaggen siminti, ga labule, ga fanka tana juyawa, ga faranti masu ruwan zinariya waɗanda ban taɓa gani ba. Ɗalibai bakwai sun sha fararen kaya sun jeru a jikin bango. Kaka na zaune a tsakiya cikin tufafinta na Idi, har da kwalli.

Ustaza ta buɗe takarda. "Ya Hajja, yaya rayuwa?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

"Akwai abin da kike nema ki rasa?"

"Babu, 'yata. Ci kaza."

"Wa ke ɗaukar nauyinki?"

"Allah."

"Na'am, bayan Allah fa? Kina da 'ya'ya maza?"

Kaka ta nuna ɗaliban da hannunta mai rawa. "Ga su nan."

Ina ta ƙifta wa Ustaza ido, ita kuwa tana ta rubutu. Ta sauka da ƙullin yaji da cinyar kaza a leda. Bayan mako uku amsa ta fito: mai nema tana da sana'ar abinci, da kayan ɗaki masu kyau, da 'ya'ya maza bakwai masu ilimi. An ƙi.

Ban taɓa ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baƙuwa ta hawo hawa shida saboda ni, in zaunar da ita a kan yagaggiyar tabarma? Iyayena sun rasa komai a hanya, amma baƙo bai taɓa sanin tukunyarsu babu komai ba." Haushi ya rufe mini ido, na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Kin iya cewa 'ya'yan mutane naki ne, naki na cikinki kuwa ko sunansa ba kya iya faɗa." Ta ɗauki carbinta. Mako biyu cur ba ta ce mini Maigida ba, da sunana na yanka take kirana, kamar wani mai karɓar kuɗin wuta. Ban taɓa jin hukuncin da ya kai wannan zafi ba.

Maƙwabciyar ce ta gyara abin. Da ta ji dardumarta ce ta jawo, ta sa baƙar abayarta ta tafi ofishin da kanta, ta zauna a gaban teburin Ustaza ta ce ba za ta tashi ba sai an saurare ta. Bayan kwana biyu Ustaza ta sake hawowa ba sanarwa. Ta tarar da Kaka a kan tabarmarta tana tsoma busasshen burodi a shayi. Kaka ta yunƙura za ta nemi abin tarbar baƙuwa, Ustaza ta dafa kafaɗarta. "Zauna, ya Hajja. Ma'alish, yi haƙuri, laifina ne. Kakata ma a ƙauye haka take, da na tuna da ita da na gane." Ta zauna a ƙasa ta ci burodin tare da ita, ta rubuta gaskiya. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce saura batun shekaru. Katin Kaka sittin da biyu ya ce; ko a jira shekara uku, ko a gyara.

Da na gaya wa Kaka, sai ta ce, "Shekara uku? Wa ya gaya musu ina da su, Maigida?" A nan na san an yafe mini.

Shaida ɗaya muke da ita a duniya. Lokacin da aka haifi Baba akwai ungozomar gwamnati mai akwatin ƙarfe da ke zagaya ƙauyukan auduga, ita ta rubuta shi, da sunan uwa da na uba. Takardar tana nan a jakarsa, ta yi ja don tsufa. Baba yana da shekara hamsin da bakwai. Idan katin Kaka gaskiya ne, tana 'yar shekara biyar ta haife shi. Na kai wannan ga kwamitin gyaran shekaru, na yi watanni ina hawa da sauka neman hatimi. A ƙarshe suka ce takardar ta yi, amma fayil ɗin Kaka na farko ya nuna ba ta taɓa haihuwa ba kafin Gwaggo. Sai dai uwa da ɗa su bayyana tare, ta faɗa da bakinta cewa wane ɗanta ne.

Kaka ta ce, "A bar kuɗin." Baba ya ce, "Kada wanda ya matsa mata." Ya kuma yanke shawarar da bai nemi ra'ayin kowa a kai ba: za a ɗauko ta a ba ta ɗakinsa, shi kuma ya koma kwana a sito na wani abokinsa mai shago, don ta samu sakewa. Mutumin da ba ya gane fuska sai an yi magana, mai allurar ciwon sukari safe da yamma. Ban yi niyyar gaya mata ba, bakina ne ya suɓuce. Ta juya fuska bango. Washegari da na zo na tarar ta yi wanka ta yafa mayafi tana zaune a bakin gado. Ta ce, "Yalla, tashi ka kai ni wurin mutanen nan."

Muka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu uku. Baba na dafe da kafaɗata, ita tana bin mu a baya da taku uku, kamar ba tare muke ba.

Mutum uku ne a kwamitin, maza biyu da wata likita. Shugabansu ya duba takardu ya nuna Baba da biro. "Ya Hajja, wannan mutumin mene ne naki?"

"Mutumin gidanmu ne."

"Gidanku ai da mutane da yawa. Ina so ki faɗi sunansa, da abin da yake a wurinki."

Ta sunkuyar da kai ta kama murza gefen mayafi, na san haka ta yi a gaban likitan farko. Fanka na ta juyawa, magatakarda ya ɗaga biro yana jira. Da shirun ya yi tsawo, Baba ya miƙe. Ya ce wa shugaban, "Khalas, shi ke nan, ya basha, mun janye. Ku yi haƙuri da ɓata muku lokaci." Ya miƙa hannu yana laluben kafaɗata, bai same ta ba, ya yi karo da kujera ta faɗi.

Ƙarar kujerar ce ta sa Kaka ta ɗago. Ta dube shi, kallo na sosai, wanda ban taɓa ganin ta yi masa ba. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya bango, ta faɗi sunansa. Ta faɗe shi cikakke, da na ubansa. Ta ce da Larabci, "Ɗana ne, ni na haife shi." Daga nan Larabcin ya ƙare mata, ta koma Hausa, ni ina fassarawa.

"Ranar Juma'a ce, ana tsinkar auduga. Ya zo da baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Wata ashirin da biyu na shayar da shi, ba ya barci sai ya riƙe mini ɗan yatsa. Ranar da aka zo ɗaukarsa na ce musu ni ruwa zan ɗebo. Na bi jakin da aka ɗora shi ta cikin dawa har bakin kogi, ba wanda ya gan ni. Sai da kwalekwale ya ƙetare na dawo, tulun ma a can na manta shi."

Likitar ta taso ta leƙa bayan kunnen Baba, ta gyaɗa wa shugaban kai, ta koma ta zauna tana neman hankici a jaka. Baba yana tsaye inda yake, hawaye na bin gemunsa. Shekara hamsin da bakwai bai san an bi jakin ba.

Muna fitowa titi Kaka ta gyara mayafinta ta ce, "Maigida, ka ce wa wancan ya goge fuskarsa, mutane na kallo." Shi ke nan. Ba ta ƙara faɗar sunan ba har ta koma ga Allah. Juma'ar da ta biyo baya ya zauna a waje, ta juya bango, na ci gaba da kai saƙo. Abin da ya canza kawai shi ne Baba ya daina kawar da kai idan ta kira ɗalibai 'ya'yanta.

Ma'ash ya fito, ta riƙe ɗakinta. Wata goma sha ɗaya ta karɓa. Na farko kaza ta saya da shi ta aika a kira Ustaza, wannan karon a kan tabarma suka ci. Takan ce gwamnati ta tsufar da ita da shekara goma sha biyu a wuni ɗaya, don haka in ina da niyyar sakinta yanzu ne lokaci. Ban sake ki ba, Kaka, ke kika tafi kika bar ni. Allah ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya tarbe ki da irin tarbar da kike yi wa baƙo, ya ninka.

Tun a makon da muka je kwamitin Baba ya sa na koma na roƙi magatakarda kwafin abin da ya rubuta a zaman. Ita ce takardar da ke aljihunsa. Ranar uku da la'asar, bayan an yi addu'a mutane sun sauka, an naɗe tabarmi, muka rage mu biyu a saman benen. Ya zaro ta ya miƙo mini, ta yi laushi saboda yawan naɗewa da buɗewa, alhali ba ya iya ganin ko harafi ɗaya a ciki.

Ya ce, "Karanta mini wurin nan."

Na san wurin. Na karanta a hankali: mai nema ta bayyana a gaban kwamiti, ta kuma shaida da bakinta cewa ita ce ta haifi... Sai na tsaya. Sunan mahaifina ne a gabana, ni ma ban taɓa faɗarsa a gaban idonsa ba.

Baba ya miƙo hannu ya lalubi takardar ya karɓa. Ya ce, "Bar shi nan. Na ji yadda ta faɗe shi."

Ya naɗe ta ya mayar aljihu, ya ɗora hannu a kai.